MALEJIN MOTA MA MUDU NE



Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore mana abin hawa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, a nan Aujara ko yaro ka aika awo ya san mudun da aka buge wa gindi. In mai hatsi ya zo da tiyar da aka matse, kafin la'asar labarinsa ya zaga kasuwa, kuma babu mai cewa malamai sun yi shisshigi in sun yi magana a kai. Kowa ya san Suratul Muɗaffifina ta buɗe ne da narkon azaba ga masu tauye awo, kowa kuma ya ji abin da ya sami mutanen Madyana bayan Annabi Shu'aibu (AS) ya gargaɗe su kan mudu da sikeli suka ƙi ji. To yau wani mudun nake so mu duba, wanda yake gaban kowane direba, a bayan sitiyari. Maleji nake nufi, wannan agogo mai allura da ke nuna gudun mota. Mudun kasuwa in aka tauye shi, asarar gero ce ko ta dawa. Wannan kuwa in ya yi ƙarya, ko aka ƙi duba shi, likkafani ake zuwa nema.

MIL DABAN, KILOMITA DABAN

Galibin motocin da muke hawa ba a kanmu aka fara su ba. Wasu daga Turai suke, su ne muke ce wa Beljiyam, wasu daga Amurka, wasu sun biyo ta Kwatano tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Kowace an ƙera ta ne da awon ƙasar da aka yi ta domin ta. Golf da Sharon da suka fito daga Jamus ko Beljiyam, malejinsu da kilomita yake, irin awon da dokar hanya ta Nijeriya take amfani da shi. Amma Sienna da Camry da Corolla da aka kwaso daga Amurka, manyan lambobin da ke kan agogonsu mil ne. Kilomitar tana nan, amma da ƙananan lambobi a layin ciki, inda ido bai cika zuwa ba.

Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Ke nan in allurar motar Amurka tana kan 60, kana gudun kilomita 97 a awa. In tana kan 80, kana kan 129. In ta kai 100, ka haura 160. Yanzu ku ɗauki direban da ya shekara goma yana jan Golf tsakanin Jahun da Kano, idonsa ya saba da cewa 80 tafiya ce ta natsuwa. Allah ya buɗa masa, maigida ya ba shi Sienna. Ya hau sabon titin Wudil zuwa Shuwarin, motar ba ta ƙara, ba ta girgiza, ya kalli allura ya ga 80, ya ce ai a hankali nake tafiya. Alhali ya wuce abin da doka ta yarda wa motar haya da kusan kilomita 40, ga mutane cike a bayansa har da masu goyo.

Ga lissafi mai sauƙi, ku riƙe shi. In motarka da mil take, duk lambar da ka gani ka ƙara mata rabinta, ka ɗan ƙara kaɗan, shi ne gudunka da kilomita. Dokar hanya ta ce a cikin gari kada a wuce 50, wato mil 31. A titi mai hannu ɗaya irin namu na nan, ƙaramar mota da motar haya 80, wato kusan mil 50. A babban titi mai hannu biyu, motar gida 100, wato mil 62, tasi da bas 90, wato mil 56. Tirela da tanka ko a babban titin 60 ne iyakarsu. Wanda bai san abin da mota ɗaya za ta iya yi wa gari ba in ta ƙwace wa direba, ya tambayi mutanen Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, inda tankar mai ta faɗi a daren 15 ga Oktoban 2024, wuta ta tashi, aka rasa sama da mutum 150. Allah ya jiƙansu da rahama.

YADDA ALLURA KE YIN ƘARYA

Maleji ba ya ganin titi. Juyawar taya yake ƙirgawa, ya lissafa da girman tayar da kamfani ya sa wa motar tun asali. To mu a nan, saboda ramuka da lodi, sai a cire tayar asali a sa wadda ta fi ta tsayi don mota ta ɗaga. Babbar taya a juyi ɗaya ta fi ƙarama cin ƙasa, amma agogon bai san an sauya ba, yana nan yana lissafi da tsohuwar. Sai ya riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi. In tayar ta fi ta asali da kashi biyar cikin ɗari, duk 100 da ya ƙirga 105 ce. Wannan shi ne mudun da aka buge wa gindi, kuma mai motar ne da hannunsa ya buge shi.

Akwai kuma wata ta ɗaya gefen. Samari masu manyan wayoyi sukan kunna manhajar taswira, su ga wayar ta ce 92 alhali allura tana kan 100, sai su ce wa direba malejinka ƙarya yake, ƙara wuta. Gaskiya ne akwai bambancin, kuma da gangan aka yi shi. Ƙa'idar Turai ta hana a ƙera malejin da zai nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarda ya nuna sama da shi, har zuwa kashi goma cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Don haka kamfanoni suke barin 'yar rata. Ni a wurina wannan ratar kamar shingen gona take. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (RA), Annabi (SAW) ya buga misali da makiyayin da ke kiwo a gefen makiyayar da sarki ya killace, ya nuna cewa saura ƙiris dabbobinsa su afka ciki. Mu manoma ne, mun san rigimar da ake yi duk kaka in aka kora shanu daf da gonar da ba a girbe ba. Wanda ya cinye ratar da aka bar masa, ranar da akuya ta ɓullo masa daga cikin dawa ba shi da sauran wurin gyara.

Sai na uku, wanda ya fi yawa a tashoshinmu: malejin da ya mutu gaba ɗaya. Ka shiga mota ka leƙa, allura tana kwance a kan sifili tun daga Aujara har Dutse. Ka yi magana a ce ai direba ya san motarsa, da kunne yake jin gudu. Wa zai yarda ya sayi buhun masara a wurin wanda ya ce ba shi da mudu, da ido yake awo? In ba ka yarda da haka a kan masara ba, yaya ka yarda a kan ranka da na iyalinka?

GA 'YAN UWANA DILLALAN MOTA

A ƙasan allurar akwai wasu lambobi masu ƙirga tafiyar da mota ta yi tun da aka ƙera ta. A nan ma ana cin amana iri biyu. Na farko, a kai motar wurin mai kwamfuta ya mayar da lambobin baya, wadda ta yi 280,000 ta koma 90,000, a ce wa mai saye wata tsohuwa ce take zuwa cefane da ita a can. Na biyu, ba a taɓa lamba ba, amma an san mil ce aka bar mai saye yana zaton kilomita ce. Mil 150,000 ta haura kilomita 240,000. Shirun da ka yi ka bar shi cikin duhu, shi ma algus ne.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Jiƙaƙƙen abinci ke nan fa, wanda iyakarsa a shanya. Ina ga motar da aka ɓoye tsufanta, wanda ya saya ya ɗauka birkinta da ƙafafunta suna da sauran kwana, ya ɗebi 'yan biki a ciki? Alhaji, ribar da ka ci a wannan cinikin ba za ta biya maka ko rai ɗaya ba ranar hisabi. Faɗi gaskiyar motarka, ka sayar da ita a kan kuɗinta. Albarkar ciniki tana tare da bayyana aibi, haka ya tabbata a Bukhari da Muslim.

NA'URAR ƘAYYADE GUDU

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu gadan-gadan daga 1 ga Fabrairun 2017, lokacin Boboye Oyeyemi yana shugabanta. Aikin na'urar ba wani boka ba ne. In mota ta kai gudun da aka saita, sai ta rage man da ke zuwa inji, ko ka taka totur har ƙasa ba za ta ƙara ba. Ba mu kaɗai aka yi wa ba. Motocin da Japan ke ƙerawa don cikin gida an daɗe ana ɗaure su a kan 180, kuma tun Yulin 2024 duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai sai tana da na'urar da ke faɗakar da direba in ya wuce iyakar gudun titin da yake kai. Su da titinsu ba rami, ga motar asibiti a kusa, sun ga dacewar su sa wa kansu linzami.

Na san abin da direbobi ke cewa, kuma ba na raina shi. Sun ce na'urar da tsada. Sun ce tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, in mutum bai yi sawu biyu ko uku ba, ba zai haɗa balas ɗin maigida ba, balle ya kai cefane gida. Sun ce in 'yan fashi suka biyo ka fa? Ina jin duk wannan. Amma mu yi lissafi tsakani da Allah. Tafiyar kilomita 100, in ka yi ta a kan 90, awa ɗaya ce da minti bakwai. In ka yi ta a kan 120, minti hamsin. Abin da ka samu minti 17 ne, wanda sau da yawa a tasha za ka zauna ka cinye shi kana jiran layi. Kuma man da ka ƙona a kan 120 ya fi na 90, domin iska tana ƙara tokare mota gwargwadon gudunta. Maganar 'yan fashi kuma, ka ƙirga direbobin da ka sani waɗanda gudu ya kuɓutar, ka ƙirga waɗanda gudu ya kai kabari, ka ga wane layi ya fi tsawo.

Ga abin da minti 17 ɗin nan ke jawowa. Motar da ke kan 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin idonka ya ga yaro ya tsallako, ƙafarka ta bar totur ta kai birki, ka riga ka shafe wannan tazarar ko fiye. Bayan ka taka kuma, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a kan 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a kan 50 sau huɗu da rabi. Tsakanin 50 da 65 direba ko a jikinsa ba ya ji. A jikin ɗan makarantar allo da ke tsallaka titi da ƙwaryarsa, shi ne tsakanin karaya da kabari.

Saboda haka wanda ya sa na'urar don ya karɓi takarda, ya fita ya sa mai wayarin ya cire ta ko ya yi mata makunni a ɓoye, ya yi ha'inci. Mai wayarin da ya yi aikin ya yi taimakekeniya a kan saɓo. Jami'in da ya ga babu ita ya karɓi na goro ya ɗaga hannu, shi ma yana da kamasho a duk abin da ya biyo baya.

"AI KWANA NE YA ƘARE"

Wannan ita ce kalmar da muke rufe kowane haɗari da ita. Haƙiƙa babu ran da zai mutu sai da izinin Allah, wannan aƙidarmu ce. Amma ƙaddara ba ta taɓa zama mafakar mai sakaci ba. Wanda ya sa wa mutum wuƙa, shi ma kwanan mamacin ne ya ƙare, amma shari'a ba ta sallame shi ba. Da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, komawa ya yi da jama'arsa, da aka ce masa ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki taguwarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna. Ayatul Kursiyyu da ka rataya a madubi da addu'ar hawa abin hawa da ka karanta alheri ne, amma ba su ɗauke maka duba allura ba.

Gudu kansa Annabi (SAW) ya yi magana a kai. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa ranar saukowa daga Arfa, ya ji mutane a bayansa suna tsawa suna dukan raƙuma, sai ya yi musu nuni da bulalarsa, ya umarce su da natsuwa, ya sanar da su cewa ba a samun lada da sukuwa. Mutanen nan ibada za su, Muzdalifa suka nufa, kuma a kan raƙumi suke. To mai sauri don ya riski kasuwar Gujungu ko ta Maigatari ranar Alhamis, mece ce hujjarsa?

Masu karatun zaure sun san Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai korarta da mai janta da mahayinta. Malaman zamani a kan wannan suka gina hukuncin direba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai cikin Muharram 1414, daidai da Yunin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka yana ɗauke da alhakin abin da ya jawo. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta faɗi abin da ke kan mai kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau da babu bayi ta koma azumin wata biyu a jere. Diyyar raƙuma ɗari ce, ko dinari dubu na zinare. Ku je ku tambayi kuɗin raƙumi ɗaya a Maigatari ku ninka.

A nan akwai abu biyu da muke sakaci da su. In dangi suka ce sun yafe, diyya suka yafe, ita ce haƙƙinsu. Kaffara haƙƙin Allah ce, tana nan a wuyan direban da sakacinsa ya jawo mutuwar, kuma malamai da yawa sun ce kowane rai da tasa. Na biyu, in mamacin ya bar marayu ƙanana, baffansu ba shi da ikon yafe rabonsu don kunya ko don a ce shi mutumin kirki ne. Sau nawa ake tashi daga zaman makoki an ce an bar wa Allah, a bar mace da 'ya'ya biyar ba ko mudun gero?

ABIN DA NAKE ROƘO

Direba, gobe da safe kafin ka yi lodi ka duba agogonka, ka san da mil yake ko da kilomita. In da mil ne, ka sa ɗan fenti ko ka manna wani abu a kan 50 da kan 56, idonka ya riƙa faɗawa a kai. In allurar ta mutu, ka gyara ta kafin ka sayi sabuwar rediyo. In za ka sauya taya, ka nemi lambar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba.

Mai mota, kada ka yanka wa direba balas ɗin da ba zai haɗu ba sai da gudun ganganci, sannan ka zo gaisuwa kana cewa ka sha faɗa masa. Shugabannin tasha, kuna hana motar da ba ta bi layi ba yin lodi, to kuna iya hana wadda malejinta ya mutu.

Fasinja, mu ma da namu. Mu ne muke cewa direban nan ba ya sauri, kamar jaki muka hau. Mu ne kuma in wani dattijo ya ce a rage gudu sai mu yi masa ca, a ce tsoron mutuwa yake. Ku mara wa mai magana baya. Hana cutarwa yana cikin haƙƙoƙin hanya da Annabi (SAW) ya lissafa, kuma wanda ya ga abin ƙi yana da bakin magana, shirunsa ba uzuri ba ne. Iyaye kuma, yaron da bai san bambancin mil da kilomita ba bai isa a miƙa masa makulli ranar ɗaurin aure ba, ko da ya iya juya mota a tsakiyar fili ana masa tafi.

Limamai 'yan uwana, mu sa wannan a huɗuba kafin Sallah da lokacin bukukuwan kaka, kada mu jira sai an jera mana gawarwaki a ƙofar masallaci.

Wanda ya karanta ya tura wa direba ɗaya da ya sani, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya tsare hannayenmu daga jinin bayinsa, ya sa wa direbobinmu albarka a sana'arsu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marayunsu mai tallafa musu. Wallahu a'alam.